Inji Mai Kai Ɗaya

Abba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin mota, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sauke ka Kontagora da ƙafafunka biyu. Mahaifiyarka ce za ta cusa ta a aljihun jakarka, don ka san ni da kai ba ma iya doguwar magana ido da ido. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina kuma gare ka. Shekara ashirin da shida ina kewaye sunanka, ba yau zan zaunar da kai in buɗe maka cikina ba. Ka yi haƙuri da rubutun, hannu ne da ya saba da guduma.

Shekaranjiya ka shigo maƙera da littafin nan mai hotuna wanda sabon maigidanka, Alhaji Ɗanjuma, ya aiko maka. Ka ce tunda yana da lasin sayar wa maharba bindigogi da harsashi, yana so ya ƙara da sake ɗura albarushi a kwanson harsashin da aka riga aka harba, kuma kai ya bar wa zaɓin injin da za a yo oda daga Ikko, tunda kai za ka zauna a kansa. Ka buɗe mini shafi biyu. Ɗaya inji ne mai kai ɗaya, ba ya cin komai sai kwanson bindigar farauta. Ɗayan kuwa, da ɗoki ka ce, "Baba, dubi wannan. Kai shida gare shi. Ka murɗa, ka zare, ka ɗora wani, kafin shayi ya huce an gama. Kowane irin kwanso aka kawo zai ci." Na ce maka, "To." Ka fita kana murna, ni kuwa na shiga gida na kasa cin tuwo.

Wannan "to" ɗin ƙarya ce, Abba. Ban yarda ba. Ka zaɓi mai kai ɗaya. Zan gaya maka dalili, kuma dalilan duka laifuffukana ne, don haka ka karanta har ƙarshe kafin ka ce tsoho ya tsufa yana tsoron kayan zamani.

Soja sun ce sun gaji, sun miƙa wa farar hula mulki sun koma bariki. Kowane bango daga Ƙofar Kabuga zuwa nan bayan Goron Dutse an lulluɓe shi da hotunan masu murmushi. Ku samari kuna murna, kuma ban hana ku ba. Amma ni na taɓa ganin irin wannan murnar sau ɗaya, ina da ƙarfina, kuma na san irin mutanen da suke fara neman maƙeri idan gangar siyasa ta yi zafi.

Bari in fara da Mati, don shi ka sani. Maharbin nan na wajen Dawanau da yake kawo mana zabbi duk Sallah, wanda kuke satar kallon hannunsa na dama. An gaya muku bindiga ce ta fashe masa. Gaskiya ne, amma ba a gaya muku wanda ya ɗura masa harsashin ba. A lokacin aiki biyu nake haɗawa: ina gyaran bindigogin toka, ina kuma ɗura kwanson bindigogi masu baki biyu da 'yar na'urar hannu da na gada wurin kakanka. Albarushin wannan daban, na wancan daban, kowanne da gwangwaninsa da ma'auninsa. Ran nan ana gobe fita farauta, maharba sun cika ƙofar maƙera, kowa yana cewa nasa za a fara. Ni kuwa babu abin da nake so a lokacin kamar a ce Haladu akwai sauri. Ina tsakiyar aikin wani sai Mati ya ce motarsu za ta tashi. Na ture wancan gefe na jawo nasa. Ban share benci ba, ban mayar da gwangwanin farko mazauninsa ba. Hannuna ya koma sabon aiki, hankalina yana kan tsohon, na auna masa da abin da ba nasa ba.

Bayan kwana uku aka ce yana asibiti, yatsu uku sun tafi. Na je duba shi, ya ɗaga mini dungulmin a naɗe ya ce, "Haladu, ƙaddara ce. Dama bindigar ta tsufa." Na ce, "Haka ne, Allah ya kiyaye gaba." Alhali ni na gyara bindigar nan watanni biyu kafin nan, na san lafiyarta ƙalau. Har yau idan ya miƙo mini zabbin nan da hagu, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

To ka ga, ni da hannu kawai nake canja aiki, ina da lokacin da zan tuna, kuma na manta. Kai kana so ka sayi injin da yake canja aiki kafin ka ƙifta ido. Ƙarfen zai juya nan take, kwanyarka ba za ta bi shi da wannan saurin ba, musamman ranar da mutum goma suke tsaye a kanka suna surutu. Ka riƙe wannan ko wane inji ne a gabanka: aiki ɗaya a kan benci, gwangwani ɗaya a buɗe. Ka gama, ka share, ka rufe, ka tashi ka sha ruwa, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya ce motarsa za ta tashi, ka ce masa Allah ya kiyaye hanya. Kada ka ɗura kana fushi, kada ka ɗura ana yi maka hira, kada ka bar kowa ya kunna taba ko a bakin ƙofa, ko da sarkin maharban garin ne.

Wannan shi ne ƙaramin laifin. Na biyun ko mahaifiyarka rabinsa ta sani.

Wancan karon da farar hula suka karɓi mulki, kana ɗan shekara goma ko ƙasa da haka, wani mutum ya zo maƙera da hantsi. Alhaji Tanimu sunansa, fari, mai sanyin murya, yana ƙanshin turare har ya danne warin gawayi. Shi ba ya tsayawa takara, shi ne dai wanda 'yan takara suke aika. Ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna kusa da ni da babbar rigarsa. Ya ciro wani ɗan ƙaramin kwanso na tagulla, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, ya ajiye a kan uwar maƙera. Ya ce, "Malam Haladu, na zaga Sabon Gari, na zaga maƙeran cikin gari, kowa ya ce ƙera kan na'ura da zai ci wannan sai Bature. Na ce a'a, bari in ji daga bakin Haladu tukuna. Idan shi ma ya ce ba ya iyawa, shi ke nan, na haƙura da Kano."

Abba, na san kwanson nan ba na gada ba ne, ba na zomo ba. Na ƙaramar bindiga ne da ake sokewa a ƙugu a rufe da riga. Yaron goye ma ya san ba a shiga daji da ita. Amma ban tambaye shi me za a harba ba. Abin da kunnena ya ji kawai shi ne "sai Bature", kaina ya kumbura. Kwana tara na yi ina goga ƙarfe, na bar aikin mutane, na bar fartanyun da aka kawo gyara ga damina tana ƙaratowa. A rana ta tara kan ya zauna daram a na'urata, ya ci kwanson kamar dama tare aka ƙera su. Sai da na yi dariya ni kaɗai. Akwai wani ɗan tabo da yake bari a wuyan kowane kwanso, kamar an danna farce a jikin sabulu. Na ɗauko zarto zan goge abin da yake jawo shi, sai na fasa. Wai in bar shaidata, kamar yadda muke sa alama a gindin wuƙa don a san maƙerinta.

Wata Asabar bayan La'asar ayarin siyasa biyu suka yi kiciɓis tsakanin Kabuga da unguwarmu. Aka fara da zagi, aka koma jifa, aka zaro gorori, sai aka ji ƙara sau uku. Malam Yakubu tela, maƙwabcinmu, ba ya cikin kowane ayari. Fitowa ya yi zai ja keken ɗinkinsa daga rumfa kada a fasa masa. Kafin in iso an shigar da shi zaure an rufe da zane. Ina tsaye a bakin kwata ana ta salati, sai na hango wani abu yana ƙyalli a ƙasa. Na taka shi da takalmina, na jira idanu suka kau, na sunkuya kamar zan gyara wando. Ban ma duba ba. Babban yatsana ya bi wuyan kwanson, ya faɗa cikin tabon.

Ni na kama makara ta gaba daga ƙofar gidansu har maƙabarta, aka yi ta cewa in bari a karɓe ni na ƙi. Sani abokinka, wanda ya ce shi zai ɗaukar maka akwati zuwa tasha, ka san ɗansa ne. Abin da ba ka sani ba shi ne dalilin da ya sa tun yana ƙarami kwanonsa yake cikin namu, da dalilin da ya sa nake tashi in bar zaure idan ya shigo. Mutanen unguwa suna cewa Malam Haladu akwai riƙon maraya. Duk lokacin da aka faɗa ji nake kamar an watsa mini ruwan zafi. Wannan kayana ne, kada ka ɗauka ka kai masa. Ni zan tsaya gabansa da bakina, sannan in tsaya gaban Allah.

Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne, ka ji tsoron mai yabonka fiye da mai zaginka. Kana da hannu, ka fi ni ma, na faɗa yau a takarda tunda ban taɓa faɗa a baki ba. Kuma kana son a san kana da shi, wannan ma a wurina ka gada. Ranar da wani ya tsuguna kusa da kai ya ce duk garin babu mai iyawa sai kai, ka dubi abin da ya ajiye a bencinka, ka tambayi kanka wace dabba ce ake kashewa da shi. Idan ba ka samo sunanta ba, mutum ne.

Za ka ce ai daga ranar na tuba. Haka ya kamata, amma ba haka aka yi ba, kuma wannan ne laifi na uku. Ba a yi sadakar bakwai ba Alhaji Tanimu ya dawo da jakar kwansuna. Ya yi mini gaisuwar maƙwabcina, har da girgiza kai. Na shirya maganganu a raina, na shirya zan jefar masa da jakar waje. Da ya ɗago ya dube ni ya ce, "Zuwa jibi, ko Malam?" sai na ji bakina ya ce, "To, sai na duba." Kuma na ɗura, Abba. Da kwanson Malam Yakubu a aljihuna na zauna na ɗura. Mu mutanen cikin gari an tarbiyyantar da mu a kan kada ka kunyata babba a ƙofarka. Ba mu san yadda ake cewa a'a ba, sai "to", sai "Allah ya kai mu", sai "za a duba". Irin su Alhaji Tanimu kuwa sun san wannan sarai, da shi suke cin abinci.

Ranar da ya karɓi wannan jakar ya tafi, na hura wuta na jefa kan a ciki. Na zuga har ya yi ja, na ɗora a uwar maƙera na yi ta duka, aikin kwana tara ya koma ƙusar ƙofa. Da suka sake zuwa, shi da samari uku, na ce babu. Ya yi murmushi ya sa suka bincike maƙera kaf, har buhun gawayi suka zazzage. Ya ce in rantse. Na rantse da Allah babu kan da zai ci kwansonsa a hannuna, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce in ƙera wani. Na ce ƙarfen da na yi wancan da shi ya ƙare, sai an samo, wannan kam ƙarya na yi. Ɗaya daga cikin samarin ya sauke mini gora a baki. Haƙoran nan biyu da kuke tsammani ƙarfe ne ya fallatso ya cire, ga inda suka tafi. Ba a jima ba soja suka dawo, kowa ya shiga taitayinsa, maganar ta mutu.

Ka lura da kyau, ba jarumtaka ce ta fitar da ni ba. Da kan nan yana cikin akwati ranar, ko a ƙarƙashin gado, ko a rijiya inda za a iya zura guga, wallahi da na ɗauko. Na san kaina. Abin da ya cece ni shi ne babu shi. Kai kuma ɗana ne. Na ga yadda kake sunkuyar da kai idan babba yana magana, na ga yadda mai kayan miya ma yake cusa maka ruɓaɓɓen tumatir ka karɓa kana godiya. Ban ce laifi ba ne, tarbiyya ce, ni na ba ka. Amma mai irin bakinmu ba ya zama kusa da injin da yake cin kowane kwanso. Ka sayi wanda zai ƙi a madadinka. Idan aka ajiye maka ɗan ƙaramin kwanso, ba sai ka yi wa'azi ba, ba sai ka ɗaga murya ba. Ka ɗauka da ladabi, ka kai bakin injin a gabansu, su gani da idonsu ba ya shiga.

Na san abin da za ka ce, kamar ina jin ka. Za ka ce kuna da lasin, komai a kan doka. Lasin takarda ce a jikin bango, ba ta taɓa tare ƙofa ba. Za ka ce a sayi babban a kulle sauran kawunan a sito. Wa zai riƙe makullin? Kai ne, kuma fuskarka ba ta iya ƙarya, tun kana satar ƙuli-ƙulin gyatumarka ake gane ka daga nesa. Za ka ce wata rana wani mai halattacciyar bindiga zai zo da wani irin kwanso ku rasa ciniki. Ku rasa. Maharban ƙasar nan kusan duk bindiga iri ɗaya suke riƙewa, su kaɗai sun ishe ka aiki har ka gaji.

Idan injin ya iso, kada fenti ya ruɗe ka. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, mai nauyi shi ne ba ya rawa. Ka kama hannunsa ka girgiza hagu da dama, idan yana wasa tun yana sabo ka mayar musu. Ka ɗaure shi a katako mai kauri da ƙusoshi huɗu, ba uku ba. Ka duba ko abin da zai iya karyewa a jikinsa abu ne da maƙeri zai gyara, ba sai an jira Ikko ba. Ma'aunin da ya zo da shi kada ka ƙara masa, kada ka rage, ko da maharbi ya rantse maka ya fi son mai ƙarfi. Alhaji Ɗanjuma kuwa mutumin kirki ne a iya sanina. Ka ce masa ƙaramin ya fi ƙarko, kuma babanka ne ya ce. Idan ya matsa sai babban, ka nuna masa wannan takarda, na yafe sirrin. Idan ya karanta ya ce duk da haka, ka ɗaure kayanka ka dawo, maƙera tana nan.

Saura laifi ɗaya, shi kuma na jiya ne.

Na fito daga sallar Azahar ina neman takalmina sai na ji an ce, "Malam Haladu, ana ganinku?" Ban juya ba na gane muryar. Ya tsufa, yana dogara sanda, gemu ya yi fari fat, amma turaren bai canja ba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu a gaban jama'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Na ji yaron namu ya zama injiniya, har za a sayo masa inji daga waje. Madalla, hannun gado ne. Wane gari ma aka ce?" Liman yana tsaye, maƙwabta suna tsaye, kowa yana murmushi ana yabon ɗana. Ina da shekara sittin da wani abu, na yi shekara goma sha shida ina shirya abin da zan gaya wa mutumin nan. Na buɗe baki na ce, "Kontagora." Ya ce, "Shagon wa?" Na faɗa masa. Ya ce yana da hidima ta wajen nan ƙarshen wata, zai biya ya sa maka albarka.

Ka yafe mini, Abba. Ni na nuna masa ƙofarka, kuma ba ni da ƙarfin da zan tare shi. Abin da ya rage a hannunka shi ne abin da zai tarar a kan bencin. Kana sauka, kafin ka kwance kaya, kafin ka nemi ɗaki, ka sami Alhaji Ɗanjuma a aika da odar.

Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare yatsunka goma da idanunka biyu. Ya raba ka da wuta, ya raba ka da mai daɗin baki. Kada Allah ya sa hannunka cikin jinin kowa, da saninka ko ba da saninka ba. Ya ba ka halal mai albarka, ya dawo mana da kai lafiya. Ranar da mutumin nan zai tsaya a ƙofar shagonka, Allah ya sa ka dube shi ka ce babu, kuma ya zama gaskiya ka faɗa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haladu Maƙeri